Manjagara a Jikin Allo

Shekara arba'in ina zura zare a kafar allura,
ban taɓa kiran yaro ya taya ni ba.
Bara, bayan an yanke gero,
allura ta fara yi mini rowar ƙofarta.
Na ce fitila ce, na sayi batir.
Na ce zare ne, na sake zare.
Hula uku na warware kafin na daina musu.

Aka ce masu duba ido sun sauka
a firamarenmu, nan bayan Gujungu.
Muka tafi da Ilu mai faskare,
shi da sandarsa, ni da girman kaina.

Kan bencin 'yan aji biyu aka zaunar da ni,
gwiwa har haɓa.
Wata siririya, Hansatu sunanta,
ta sa na rufe ido ɗaya da tafin hannu:
"Baba Tsalha, ina haƙoran suka duba?"
Manjagara ce a jikin allo, mai haƙori uku.
Ta sama na ce gabas,
ta biye na ce ƙasa,
ta ukun ƙuda na gani, ƙudan ma cikin hayaƙi.

Ta haska tocila, ta ce, "Yana ce."
Ni a kan kunu na san yana, in ya huce.
Ta ce bayan baƙin ido akwai ɗan gilashi
garau kamar ruwan randa,
shekaru ne ke dama masa ƙasari.
Na ce, "Hakiya ke nan."
Ta ce a'a, hakiya tabo ce a waje,
sawun ƙaya ko na ƙyanda.
Yana tana ɗaki, hakiya tana ƙofar gida.
"A cire dusasshen, a sa sabo.
Kada dai ka bari a tsokane maka ita a kasuwa."

Ilu ya shiga yana dariya,
idonsa wasai, ba kwantsa, ba ƙaiƙayi.
Shi ne ya daɗe.
Hawan jinin ido, in ji su,
ko da yake ba jinin ba ne,
ruwa ne ya rasa magudana,
ya tsaya yana danne jijiya.
Daga gefe yake ci, kamar gara a gindin rumbu,
mai gida na kallon jinka yana cewa lafiya.
Abin da ya ci ya ci.
Saura kuwa, ɗigo safe da dare ne mai gadinsa.
Aka ce ya turo 'ya'yansa a gwada,
abin yakan bi gida.

A layi na ji sauran sunaye.
Dela, gashin idonta ya juya yana sharar ƙwaya,
amosani ke nan, abokin ƙuda da ƙarancin wanke fuska.
Wani yaro da ke tuntuɓe da turmi in magariba ta yi,
dundumi,
aka ambaci hanta da manja da zogale,
uwar ta yi shiru tana lissafi.

Ran da aka ɓare mini filasta
na ga hular kan dagaci, aikina na bara,
ɗinkin ya karkace kamar kunyar ɗan koyo.
Wata takwas yana yawo da ita
ba wanda ya gaya mini.

Yanzu da tabarau nake zura zare,
na kusa kawai, in na ɗaga kai sai in cire.
Bayan asuba nakan bi ta zauren Ilu.
Ya kwantar da ƙeya, ya buɗe ido,
in ɗiga ɗaya dama, ɗaya hagu.
Ya ce hannun mai allura ba ya rawa.
Yana rawa. Ban gaya masa ba.